Na tsira daga dukan miji, amma sallah ta yi mini nauyi, hannuna kuma ya fara sauka a kan ɗana

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Shekara tara na yi a gidan mijin da yake dukana. Yau shekara biyu ke nan da rabuwarmu, ina gidan mahaifina da yara uku. Na ɗauka in na fito shi ke nan, sai ga shi sallar da a da nake samun sanyi a cikinta ta zame mini kaya, in kuma na ji ana wa'azi a kan biyayyar aure sai gabana ya yi ta faɗuwa. Babban ɗana shekararsa takwas, kamarsu ɗaya da ubansa, ya fara dukan ƙanwarsa. Ni kuma in raina ya ɓaci ina dukansa fiye da ƙima, daga baya in zauna in yi ta kuka. Gwaggona ta ce rashin haƙuri ne da ƙarancin tawakkali, wata ta ce a kai ni ruƙiyya. Imanina ne ya tafi? Yaya zan yi da tarbiyyar yaran nan?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki lafiya.

Imaninki yana nan. Wadda imaninta ya tafi ba ta kwana tana kuka don sallah ta yi mata nauyi, barcinta take yi. Abin da ke damunki rauni ne, irin wanda ba ya fitar da jini, kuma a shekarun da na yi ina zama da mata a ɗakin ba da shawara, da wuya wata ya wuce ban ji irin wannan labari naki ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun gamu da cutarwa daga miji, ta duka ko ta shimfiɗa ko ta cin zarafi da baki. Kina da 'yan uwa da yawa, sai dai kowacce ta rufe ɗakinta.

Hausawa sun riga likitoci gane abin nan da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shekara tara jikinki yana karatu. Ya haddace ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, ya haddace gyaran muryarsa a zaure, ya san bambancin sallamar da za a kwana lafiya da wadda za a kwana da kumburin ido. Da zarar ya ji alama sai zuciya ta ɗauki bugu, numfashi ya gajarta, jini ya tafi gaɓoɓi, ki shirya wa gudu ko kare kai. Wannan shirin shi ya raya ki. Matsalarsa guda ce: bai san an rubuta takardar saki ba. Mata da yawa ma sai bayan sun fito abin yake taso musu, domin a cikin gidan ba su da lokacin jin ciwo, ta kansu suke yi.

To me ya haɗa wannan da sallah? Sallah tana son natsuwa, ke kuma da kin natsu sai abin da kika yini kina dannewa da wanki da girki ya samu ƙofa. Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi wuyar faɗa. Mazan da ke duka a ƙasar nan sau da yawa da addini a bakinsu suke yi. "Aljannarki tana ƙarƙashin ƙafata." "Mala'iku suna tsine miki." In an mare ki ana jawo aya, to ayar da marin sun shiga kunnenki tare, shi ya sa wa'azin biyayya ke kaɗa miki hanji. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth Pargament, ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke jingina da addini lokacin musiba. Ya raba abin biyu: akwai mai ganin Ubangiji a matsayin mafaka da mataimaki, wannan yakan samu sauƙi, akwai mai ganin musibar a matsayin shaidar Allah ya yi fushi da shi ko ya yasar da shi, wannan damuwarsa ƙaruwa take yi ko da ibadarsa na da yawa. Ni a tawa fahimtar, babbar ɓarnar da miji mai duka yake yi ita ce ya sa matarsa ta riƙa ganin Ubangijinta da fuskarsa shi mijin: mai jiran ta yi kuskure, mai wuyar yarda, wanda ba a taɓa iya masa. Wa zai yi ɗokin tsayuwa gaban wanda yake zaton haka yake?

Sai maganar haƙuri, wadda a nan zan daɗe, don ita ce sandar da aka fi dukan mata irinki da ita bayan sandar mijin.

Na san Gwaggo ba da mugunta take faɗa ba. Wataƙila ita ma haka aka ce mata duk lokacin da ta yi yaji: yi haƙuri, zaman 'ya'yanki kike, mahaƙurci mawadaci, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma saɓani daban, karya hannu daban. Mu duba waɗanda Alƙur'ani ya yaba wa haƙurinsu, mu ga ko shiru suka yi. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma shi ne ya yi ta baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah. Nana Maryam da naƙuda ta kai ta gindin dabino cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba, cewa aka yi kada ta yi baƙin ciki, ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha. Asiya matar Fir'auna, wadda aka buga misali da ita ga muminai a Suratut Tahrim, addu'arta ita ce Allah ya tserar da ita daga Fir'auna da aikinsa. Fita ta roƙa. Khaula bint Sa'alaba kuwa ta je gaban Manzon Allah (SAW) tana jayayya a kan abin da mijinta Ausu bin Samit ya yi mata, malaman tafsiri sun kawo cewa har ta ce tana da ƙananan yara, in ta bar masa su za su tozarta, in ta riƙe su za su yi yunwa. Kin ji damuwarki a bakin sahabiya. Sura guda aka buɗe da cewa Allah ya ji maganarta.

Akwai kuma matar Sabit bin Ƙais, wadda hukuncin khul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure, ya shahara da labarinta. A ruwayar Nasa'i an ce ya doke ta har ya karya mata hannu, aka kai maganar gaban Annabi (SAW), aka raba auren. Ba a ce ta koma ta ƙara haƙuri ba. Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mace tana da hakkin alƙali ya raba aurenta saboda cutarwa, kuma Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta faɗa ƙarara cewa matar da ta fanshi kanta alhali cutar da ita ake yi, za a mayar mata da abin da ta bayar, rabuwar kuma ta tabbata. Abin mamaki, wannan layin yana cikin littafin da kusan kowane almajirin zaure ya bi ta kansa, amma ba kasafai yake isowa kunnen mata ba.

Na kawo miki duk wannan ne don in cire miki ƙaya ɗaya: fitowarki ba saɓon Allah ba ce. Muddin can ƙasan zuciyarki kina jin kamar kin faɗi jarrabawa, to kowace kabbara za ta riƙa zame miki kamar shiga kotu.

Game da sallar kanta, ki sauƙaƙa. Ki riƙe farillai biyar, da gajerun surori, ki bar kwatanta kanki da ke ta da mai tsayuwar dare. Mafi soyuwar aiki a wurin Allah shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Kafin ki tayar, ki yi alwala a hankali, ki bar ruwan ya sanyaya miki fuska da wuyan hannu, ki zauna a kan darduma ki ja numfashi ki sake shi a hankali kamar sau biyar, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Wannan yana rage gudun zuciya. In tunani ya zo cikin sallah kada ki sallame ki sake, ki mayar da hankalinki ga tafin ƙafarki a ƙasa ki ci gaba. In rufe ƙofa na tsorata ki, ki yi a tsakar gida. A sujada kuma ki faɗa wa Ubangijinki gaskiya, har da cewa kin gaji, har da cewa kina jin nisa da shi. Wa'azin da ke tayar miki da hankali kuwa ki kashe rediyon, ba laifi. Ki nemi malama ko malamin da in ya yi magana kina jin rahama, za ki koma ga sauran darussan in ƙafarki ta yi ƙwari.

Yanzu ga yaron.

Wata mata da na taɓa zama da ita, ita ma 'ya'yanta uku, ta ba ni labarin ranar da ta daina duka. Ɗanta ya kifar da kwanon miya ana gab da magariba. Ta ɗaga muciya. Yaron bai gudu ba, sai ya durƙusa ya dunƙule, ya ɗora hannayensa biyu a ka, ya kare fuska da gwiwar hannu. Ta ce min: "Anti, wallahi kaina na gani. Haka nake yi. A wurina ya koya." Muciyar ta faɗi, ta zauna a ƙasa kusa da miyar.

Ɗanki shekara shida ya yi a gidan can. Ko da kina cewa suna barci lokacin da abin ke faruwa, yara ba sa barci irin wannan. Suna rufe ido ne. A wani bincike da aka fara wallafa sakamakonsa a 1998 a Amurka, wanda Vincent Felitti da Robert Anda suka jagoranta, aka kuma bi bayanan mutane sama da 17,000, an lissafa ganin ana dukan uwa cikin raunukan ƙuruciya da ke bin mutum har girma, sahu ɗaya da dukan yaron kansa. Don haka yaron nan ma wanda ya tsira ne, kamar ke. Dukan da yake wa ƙanwarsa shi ne yaren da ya ga ana magana da shi in rai ya ɓaci. Bai san wani ba tukuna.

Ke kuma in kin dube shi, hancin uban kike gani, da tafiyarsa, da yadda yake haɗe gira. Jikinki sai ya amsa kamar mutumin ne ya shigo. Wata masaniya, Selma Fraiberg, ta kira irin wannan a 1975 da fatalwowin ɗakin raino: tsohon ciwon uwa yana shiga tsakaninta da ɗanta ba da saninta ba. Ga kuma al'adarmu ta kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a jansa a jiki a gaban mutane. A gidan da lafiya ƙalau kakanni da gwaggwanni kan cike wannan gurbi. A halin da kuke ciki, ina ganin ki sassauta alkunyar nan. Yaron yana bukatar ya ji daga bakinki cewa kina sonsa.

Abu ɗaya nake roƙonki ki haramta wa harshenki daga yau: "Halin ubanka ka ɗauko." Ki hana 'yan gidan ma faɗa. Yaro yakan shiga rigar da aka ɗinka masa. Mutane za su ce miki barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, Annabi Ibrahim a gidan mai bautar gumaka ya tashi, Ikrima ɗan Abu Jahil kuma sahabi ya mutu. Nazarin masana ma haka ya nuna: Kaufman da Zigler a 1987 sun ƙiyasta kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka ci zalinsu a ƙuruciya ne ke maimaitawa a kan 'ya'yansu, mafi yawa ba sa yi. Abin da ya fi kare yaro shi ne ya samu babba ko da guda ɗaya wanda yake jin aminci a wurinsa. Kuma ki kiyayi yi masa baki cikin fushi. Hadisi a Sahihu Muslim ya hana mu yin mummunar addu'a a kan 'ya'yanmu. In abin ya zo maƙogwaro, "Allah ya shirye ka" ta isa.

In ya doki ƙanwarsa, ki fara zuwa wurin yarinyar, ki ɗauke ta, ki duba ta, don ita ma tana koyon ko akwai mai tsaya wa mace in an doke ta. Sannan ki durƙusa daidai tsayinsa, ki riƙe hannayensa ba da murɗewa ba, ki ce: "A gidan nan ba a duka. Na ga ranka ya ɓaci. Zauna nan har ka huce." In ya huce, ya ba ta haƙuri, ya gyara abin da ya ɓata, in da hukunci a hana shi fita ƙwallo yau. Sai dai wannan doka ba za ta zauna ba in ke kina karya ta. Ba zai yiwu ki koya masa duka haramun ne da wayar caji a hannu ba.

Fushi yana da masu shela kafin ya iso: zafi a ƙeya, haƙora su datse, murya ta tashi. Da kin ji su, ki yi abin da Annabi (SAW) ya koyar, in kina tsaye ki zauna, ki nemi tsari, ki tashi ki yi alwala. Likitan ƙwaƙwalwa ma abin da zai ce miki ke nan da wasu kalmomin: ki raba jikinki da wurin na 'yan mintuna. Ki ce wa yaron "ina zuwa", ki miƙa ƙaramin ga wani, ki zagaya. Ki kuma lura da lokutan da abin ya fi faruwa. Yawanci za ki tarar da yamma ne, ga gajiya, ga yunwa, watakila kuma lokacin da shi mutumin yake dawowa gida a da.

Za ki sake kuskurewa, wannan babu makawa. Ranar da hakan ta faru, kukan da kike yi ke kaɗai a ɗaki ba ya isa wurin yaron. Ki je inda yake kwance ki zauna a bakin katifa ki ce: "Ɗazu na doke ka, ban kyauta ba. Abin da ka yi ba daidai ba ne, amma duka ba shi ne gyara ba. Ka yafe mini." Na san wannan baƙon abu ne a wurinmu, uwa ta ba ɗa haƙuri, wasu za su ce raini zai jawo. Ban taɓa ganin ya jawo raini ba. Yaron nan ya ga babba yana duka sau ba adadi, bai taɓa ganin babba ya ce na yi laifi ba. Ranar da ya gani, ya koyi ma'anar tuba fiye da yadda allo zai koya masa.

A nan ne tarbiyyar addini da jinyarki suke haɗuwa. Kafin yaro ya shiga Islamiyya ya riga ya fara zaton yadda Allah yake daga yadda iyayensa suke. Kada ki mayar da addini bulala a kansu yadda aka mayar miki. "Allah zai ƙona ka" ba maganar da za a yi wa ɗan shekara takwas da ya taso cikin tsoro ba ce. Manzon Allah ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauka. Yakan taƙaita sallah in ya ji kukan yaro don tausayin uwar. Da Aƙra'u bin Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ki samar muku da wata 'yar al'ada ta dare: ku zauna a tabarma ɗaya, ku karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ku tofa a tafin hannu, ki shafe su ɗaya bayan ɗaya, har shi babban. Yaran da suka taso ba su san me dare zai zo da shi ba, babu abin da ke kwantar musu da hankali kamar abu ɗaya da ake yi kullum a lokaci ɗaya. Ke ma sau da yawa ta wannan ƙofar daɗin ibada ke dawowa, kina yi don su, sai ki tarar ya shafe ki.

In sun tambayi babansu, kada ki zage shi, kada kuma ki yi musu ƙaryar babu abin da ya faru, don sun gani. "Babanku yana dukana, duka kuma ba daidai ba ne, shi ya sa muka dawo nan. Ba laifinku ba ne." Ki maimaita jimlar ƙarshen nan, yara kan ɗauka su suka jawo.

Ruƙiyya da ayoyin Allah, wadda za ki yi wa kanki ko wani amintacce ya yi miki a gaban muharraminki, ba ta da illa. Wadda nake hana ki ita ce ta duka da shaƙe mutum da hayaƙi a ce aljani ake kora. Macen da ta sha duka shekara tara ba a warkar da ita da wani dukan. Kuma firgita da mugun mafarki da faɗuwar gaba suna da magani a asibiti, na zama da mai ba da shawara, wani lokaci da ƙwaya. Daga Zariya, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa ya kai kina tunanin kashe kanki, ko kina tsoron za ki ji wa yaro ciwo mai tsanani, ranar za ki faɗa wa wani babba a gida ya raka ki, kada a kwana.

Ba ki ambaci ciyarwa ba, amma na san yadda zaman bazawara mai 'ya'ya uku a gidan uba yake, kuma rabin fushin iyaye mata daga tukunya yake tasowa. Ci da sha da sutura da karatun yaran nan a wuyan ubansu suke ko da suna hannunki. Riƙo kuma a Malikiyya naki ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Zancen a ƙwace yaro da an yaye shi ko in ya kai shekara bakwai al'ada ce. In kin yi wani auren, riƙon yakan koma ga mahaifiyarki kafin a kai ga dangin uba. In ya ƙi ciyarwa ko ya yi barazanar ɗauke su, kotun shari'a tana sauraron wannan, kuma lauyoyin FIDA, wato ƙungiyar lauyoyi mata, da ƙungiyar kare hakkin mata ta WRAPA da hukumar ba da agajin lauya ta gwamnati suna tsaya wa mata ba tare da an biya ba. Ki tafi da mahaifinki ko wanki, ki riƙe takardar saki da duk wata takardar asibiti da ta rage daga wancan lokacin.

Gwaggo kuwa kada ki yi musu da ita. Ki gaishe ta, ki ce ta sa ki a addu'a, in da hali ki roƙe ta ta riƙa ɗaukar miki ƙaramin na awa ɗaya bayan la'asar ki ɗan runtsa.